Yadda unguwa za ta shirya wa kwalara kafin damina: jagora ga kwamitocinmu na Gadarif, Kassala da Sinnar

A watan Satumba na 2023 hukumomin lafiya suka sanar da ɓarkewar kwalara a jihar Gadarif da ke ƙasar Sudan, a daidai lokacin da zazzaɓin denge ma yake kwantar da mutane a garin. A watan Agusta na 2024 aka sake sanar da annobar, wannan karon daga Kassala ta faro, ta bi damina ta bazu. A watan Fabrairu na 2025 kuma ta faɗa wa Kosti, bayan wutar lantarki ta ɗauke, injinan tace ruwa suka tsaya, mutane suka koma sayen ruwan kogi daga masu karo, wato masu sayar da ruwa a amalanken jaki. Tun da yaƙi ya tashi a ranar 15 ga Afrilu, 2023, asibitoci da yawa sun rufe, waɗanda suka rage kuma sun cika da baƙin da suka gudo daga Khartum da Madani da Sinja. Wanda yake zaune a unguwannin Hausawa na waɗannan garuruwa ya san cewa tsakanin lokacin da gudawa ta kama mutum da lokacin da zai ga likita akwai awanni masu yawa, kuma a cikin awannin nan ne ake rasa rai ko a tsira da shi. Kwalara mai tsanani tana iya kashe babban mutum a yini guda, amma idan aka mayar masa da ruwan jikinsa a kan kari, cikin mutum 100 ba a kan rasa ko da mutum 1 ba. Wannan jagora ta shafi abin da unguwa za ta iya yi da hannunta a wannan tazara.

Mataki na farko: a zauna tun a watan Mayu

Damina a nan takan kama daga Yuni zuwa Oktoba, saboda haka zaman shiri ya kamata a yi shi tun ana zafin bazara. A kira mai unguwa da liman da malamin makarantar allo da ungozoma da duk wani ma'aikacin lafiya da ke zaune a unguwar, ko da ya yi ritaya, a haɗa da matasan ɗakin gaggawa, wato 'yan sa-kai masu agaji a unguwa, da matan da ke girki a takiyya, inda ake dafa wa jama'a abincin sadaka. Ina roƙo kada a manta da masu karo, domin su ne bututun ruwan unguwa, kuma shirin da aka yi ba da su ba a takarda zai ƙare.

Kada a tashi daga zaman nan sai kowane aiki ya sami mai shi da sunansa: wane ne zai kula da ruwa, wane ne zai riƙe littafin marasa lafiya, wace ce za ta shiga gidajen kulle, wane mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, ne ya yarda a tashe shi da tsakar dare. A ƙirga gidaje, a rubuta inda tsofaffi da masu juna biyu da yara masu tamowa suke, a kuma rubuta makarantu da masallatan da aka sauke 'yan gudun hijira. Lambobin wayar cibiyar lafiya mafi kusa da na jami'in sa ido kan annoba na ƙaramar hukuma da na ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar a rubuta su a takarda a liƙa a masallaci, kuma a ajiye ɗan kuɗi a hannu, tsaba. Duk wanda ya ga yadda layukan waya suka ɗauke a watan Fabrairu na 2024 ya san cewa kuɗin da ke cikin Bankak, manhajar banki ta waya, ba ya hayar mota ranar da babu intanet.

Kayan da za a tara ba su da yawa: fakitin gishirin gudawa, ƙwayar zinki ta yara, ƙwayar kulorin ta ruwan sha, ruwan kulorin na wanki, sabulu, bokitai masu murfi, jarkoki, safar hannu, auduga da tamfol. A nema daga cibiyar lafiya da ƙungiyoyin agaji tun yanzu, abin da ba a samu ba a yi karo-karo a saya.

Mataki na biyu: ruwan sha

A nan ne zan daɗe, domin kwalara ta baki take shiga, cikin ruwa ko abincin da bahayar mai ɗauke da ita ta taɓa. Abin da ke sa ta wuyar tarewa shi ne mafi yawan waɗanda suka kamu ba sa nuna alamar komai, suna yawo lafiya lau, alhali ƙwayar cutar tana fita a bahayarsu har tsawon kwana 10. Don haka ba a jiran a ga mara lafiya kafin a fara tsare ruwa.

A fara da sanin inda ruwan unguwa yake fitowa. A bi mai karo har inda yake cika gangarsa, a gani da ido ko famfon tasha ne, ko rijiya, ko hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, ko bakin kogi. Idan akwai dama, a nemi ma'aikatan lafiya su sa mutum a wurin ɗiban ruwan ya riƙa zuba kulorin a kowace ganga, su kuma riƙa auna shi da ɗan abin awonsu. Abin da ake so a lokacin annoba shi ne bayan rabin awa a sami ragowar kulorin da ya kai miligiram 0.5 a kowace lita a ruwan da ya isa gida. Gangar karo ita ma tana son wanki, kuma tiyon da ake jan ruwa da shi bai kamata ya riƙa jan ƙasa a bayan jaki ba.

A cikin gida hanyoyi biyu ne abin dogaro. Ta farko tafasawa, a bar ruwan yana tafarfasa sosai har minti 1. Gawayi ya yi tsada, na sani, shi ya sa mafi yawan gidaje za su fi jurewa hanya ta biyu, wato kulorin. Ƙwayar kulorin tana zuwa da ƙarfi iri-iri, saboda haka a karanta abin da aka rubuta a fakitin game da yawan litar da take ɗauka, ko a tambayi wanda ya raba ta. Inda babu ƙwaya, ruwan kulorin na wanki mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, wanda ba a sa masa turare ba, yana aiki: ɗigo 2 a kowace lita ta ruwa garau, a ninka idan ruwan yana da ɗan duhu. A girgiza, a jira minti 30, a ji ɗan ƙanshin kulorin kafin a sha.

Ruwan damina na kogi da na hafir ja ne wur, kuma kulorin ba ya cin ruwa mai laka. Sai an kwantar da shi tukuna, da alif ko da garin 'ya'yan zogale, itacen da Larabawan ƙasar nan suke kira rawag saboda wannan aikin nasa, sannan a tsiyaye na sama a tace da tsabtataccen ƙyalle. Kuskuren da na fi gani a gidaje shi ne a ɗauka ruwan da ya kwanta ya yi fari ya tsarkaka ke nan. Alif laka yake kwantarwa, ƙwayar cutar tana nan, sai an bi da kulorin ko wuta.

Saura randa. Na taɓa shiga wani gida inda uwar gida ta yi duk abin da aka ce, ta sa ƙwaya ta jira rabin awa, ta juye ruwan a randa. Ina zaune sai ga ɗan autanta ya shigo daga wasa a bakin kwata, ya ɗauki moɗa daga ƙasa, ya zura hannu har gwiwa a randar ya sha, ya mayar da saura. Na ce mata, “Inna, kin ga aikinki na safe ya tafi a banza.” Ta yi shiru, sai ta ce ai tun kakanninta haka ake shan ruwa a gidan. Gaskiyarta ne, kuma ba na cewa a fasa randa, domin babu abin da ke sanyaya ruwa kamarta a zafin nan. Abin da ake so shi ne a rufe ta, a rataya mata moɗa mai dogon hannu wadda ba a sha da ita, a riƙa ɗiba ana zubawa a kofi, a kuma wanke randar duk bayan 'yan kwanaki. Idan cuta ta shigo unguwa, jarka mai ƙaramin baki ta fi, tunda hannu ba ya shiga. Randunan sadaka na bakin hanya da na ƙofar masallaci kuwa, ko dai a sa musu mai kula, ko a ɗage su har annoba ta wuce.

Mataki na uku: masai da magudanan ruwa

Wannan aikin gayya ne, abin da maƙwabtanmu suke kira nafir. Kafin ruwan farko a yashe magudanai, a kwashe bola, a ɗaga bakin kowace salga da kowace rijiya da ginin da ya fi ƙasa tsawo don kada ambaliya ta haɗa su. Sabon masai ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, ya kasance a gangare da ita. A wuraren da aka sauke 'yan gudun hijira, ma'aunin da masu agaji suke bi shi ne masai 1 ga mutum 20 da lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a yini. Ba kullum ake kaiwa ba, amma da shi ake gane girman giɓin idan za a kai kuka. Kashin jarirai a zuba shi a masai, domin yana ɗauke da cuta kamar na manya. A ajiye buta da sabulu a ƙofar kowane banɗaki, idan babu sabulu a sa toka.

Mataki na huɗu: a gane ta, a kuma faɗa

Gudawa mai ruwa sau 3 ko fiye a cikin awa 24, musamman wadda ta yi kama da ruwan wankin shinkafa, sau da yawa da amai da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa, ba tare da zazzaɓi mai zafi ba, ita ce ake zargi. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu yakan ɗauki awa 12 zuwa kwana 5. Idan ba a riga an sanar da annoba a yankin ba, mutum guda mai shekara 2 ko fiye da irin wannan gudawa ta ƙarar masa da ruwan jiki, ko ta kashe shi, ya isa a kira jami'in lafiya a ranar. Mai riƙe littafi ya rubuta shekarun mara lafiya da gidansu da ranar da abin ya fara da inda suke samun ruwa. Idan gidaje huɗu da suka kamu duk karo ɗaya yake kai musu ruwa, littafin nan ne zai nuna.

Babban abin da ke hana rahoto kunya ce. Mutanenmu suna ɗaukar amai da gudawa a matsayin ciwon ƙazanta, magidanci ba ya so a ce a gidansa ta fara, matar aure kuma takan ɓoye har sai ta kasa tashi. A nan liman ya fi likita tasiri. Ya tunatar da jama'a a huɗuba cewa Manzon Allah (SAW) ya lissafa wanda ciwon ciki ya kashe cikin shahidai, tare da wanda ruwa ya ci da wanda gini ya faɗa wa, don haka ciwon ba abin gori ba ne, kuma ɓoye shi cutar da maƙwabci ne.

Mataki na biyar: awannin farko

Da zarar gudawa ta fara, a fara ba da ruwan gishiri da sukari, tun kafin a nemo mota. Fakiti 1 a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Idan babu fakiti, a haɗa lita 1 ta ruwa da cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, duk a shafe, ba tozo. A ɗanɗana: kada gishirinsa ya fi na hawaye, domin gishiri mai yawa yana cutar da yaro. Abin da ya kwana ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Bayan kowace gudawa, yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100, wato kamar kofin shayi ƙarami, ɗan shekara 2 zuwa 9 a ba shi 100 zuwa 200, babba kuwa ya sha iya abin da zai iya. Idan ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba da cokali, a hankali, ba fasawa. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Yara a ƙara musu zinki na kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 a yini, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Kada a ba da maganin tsayar da gudawa, kada kuma a ɓata lokaci wajen neman kafso a kanti. Maganin kashe ƙwayar cuta likita ne yake ba da shi ga mai tsanani, kuma bayan ruwa yake zuwa.

Alamun da ke cewa a ɗauki mutum nan take su ne idanu su faɗa, ya kasa sha, ya yi laushi ko hankalinsa ya gushe, fitsari ya ɗauke, ko a tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa sai bayan daƙiƙa 2. Wannan ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata. Mai juna biyu da tsoho da yaro mai tamowa kuwa a kai su tun kafin alamun nan su bayyana. A hanya a tafi da jarkar ruwan gishiri da sukari ana ba shi matuƙar yana iya haɗiya, a shimfiɗa tamfol a raksha, a wanke ta da kulorin bayan an dawo.

Idan masu ciwon sun yi yawa, unguwa ta kafa rumfa guda da sanin cibiyar lafiya, inda ake ba da ruwan nan daga safe zuwa dare, ana tura masu tsanani gaba. A raba ɓangaren mata, mace ta kula da shi, in ba haka ba ba za su zo ba. Laka ta Gadarif takan datse hanya kwana da kwanaki, don haka masu gonaki su ajiye fakitoci da ƙwayar kulorin a kambo, wato sansanin ma'aikatan gona, tun kafin ma'aikatan yankan riɗi su taru.

Mataki na shida: haɗa kulorin na wanki

Ƙarfi uku ake bukata, kuma lissafin nan na ruwan kulorin mai kashi 5 cikin 100 ne. Na wanke hannu: kofi 1 a kofi 99 na ruwa, wato mililita 200 a jarka mai lita 20. Na wanke ƙasa da gado da tufafi da kwanuka: kofi 1 a kofi 24 na ruwa, a jiƙa minti 10. Na zubawa a kan amai da bahaya da na gawa: kofi 2 a kofi 3 na ruwa, a bar shi kwata awa kafin a juye a masai. A rubuta wa kowace jarka sunanta, a ajiye a inuwa nesa da yara, a haɗa biyun farko sabo kowace safiya, kada a zuba a bokitin ƙarfe, kada kuma a gauraya da wani sinadarin wanki. Babu ɗaya daga cikin ukun da ake sha. Mai jinya mutum ɗaya ya isa, kuma shi ba ya girki.

Mataki na bakwai: idan an yi rashi

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, kuma tun a zaman Mayu ya kamata a yi maganarsa da malamai, domin ranar da gawa take kwance ba ranar muhawara ba ce. Gawar mai kwalara tana ci gaba da fitar da ruwa mai cike da cuta, kuma jana'iza ta sha zama mafarin sabuwar ɓarkewa. Ba a hana sutura ba. Abin da ake nema shi ne masu wanka su zama kaɗan, biyu ko uku da aka koya musu, maza da mata, da safar hannu da leda a ƙirji. A shafe gawar da kulorin mai ƙarfi, a toshe baki da hanci da dubura da audugar da aka jiƙa a cikinsa, a tara ruwan wankan a rami nesa da rijiya, a gaggauta binnewa.

Akwai abu guda da masu wankan gawa suka saba, wato matsa ciki a hankali don abin da ya rage ya fita. A gawar kwalara wannan shi ne mafi haɗari. Na kai maganar gaban wani dattijon limami, na ce, “Allah gafarta Malam, ko akwai sauƙi a bar wannan?” Ya amsa cewa matsa ciki ba ya cikin farillan wanka, kuma kare ran mai rai yana gaba, shi da kansa ya gaya wa masu wankan unguwar. Da ni na faɗa musu, ba na jin za su saurara. Idan mamacin a cibiyar jinya ya cika, ma'aikata suka shirya shi suka naɗe, kada a buɗe a gida don a sake wanka. A yi masa salla a kai shi.

Zaman makoki shi ma a taƙaita shi. Wanda ya taɓa gawa ko kayan shimfiɗarta kada ya kusanci tukunya ko tulun ruwa. A ajiye buta da sabulu a ƙofar rumfa, yaro ya riƙa zuba wa mutane ruwa a hannu ɗaya bayan ɗaya, a daina kwanon wanke hannu guda da kowa ke tsomawa. Abin da za a ba baƙi ya zama mai zafi daga wuta, shayi ya wadatar. Dangi na nesa a yi musu waya a ce addu'arsu ta isa daga inda suke.

Mataki na takwas: riga-kafi, takiyya da ambaliya

Idan masu riga-kafin kwalara suka zo, a fito da kowa daga ɗan shekara 1 zuwa sama. Ta baki ake shanta, kuma a watan Oktoba na 2022 aka koma bayar da ita sau ɗaya a lokacin annoba saboda ƙarancinta a duniya. Tana rage haɗari, amma wanda ya sha ma ya ci gaba da tsare ruwansa. A takiyya a raba abinci da zafinsa, a bar ɗanyen ganye da salak, kuma duk mai girkin da cikinta ya ɓaci ta huta.

Ambaliya takan zo da dare. Wanda ke kusa da kogin Gash a Kassala ko bakin Shuɗin Nilu a Maiwurno ya san haka, kuma fashewar madatsar Arba'at kusa da Port Sudan a watan Agusta na 2024 ta nuna yadda gari guda yake rasa ruwan sha a yini ɗaya. A zaɓi tudun da za a taru tun yanzu, a sanar da kowa, a yarda da cewa lasifikar masallaci ce ƙararrawa, a kuma raba wa matasa sunayen tsofaffin da za su ɗauka. Takardu da magungunan masu hawan jini da ciwon sukari a ɗaure su a leda. Duk rijiyar da ruwa ya shafe a ɗauke ta a gurɓatacciya har sai an yashe an sa mata kulorin.

Bayan ruwa ya janye da mako biyu zuwa uku sai sauro ya tashi. Na cizon dare gidan sauro ne maganinsa, na denge kuwa da rana yake cizo, kuma a cikin ruwa mai tsabta na ganga da randa da tsohuwar taya yake haihuwa, don haka a rufe su, a juye a goge cikinsu sau ɗaya a mako. Mai zazzaɓin da ake zargin denge ne ya sha farasitamol kawai, ya guji asfirin da ibufurofen saboda zubar jini, a kai shi a gwada jininsa. Rumfar ruwan gishiri da sukari kada a rushe ta don an kwana biyu ba a ga mara lafiya ba. A bar ta da jarkokinta har hukumar lafiya ta ce annoba ta wuce. Littafin marasa lafiya kuma a damƙa shi ga mai unguwa, domin shi za a buɗe a zaman Mayu mai zuwa a ga ta wace rijiya da wane lungu cutar ta shigo.